Takardar Riƙon Yolany

Los Planes, Lempira, Honduras
9 ga Afrilu

Yaya Waldina,

Ina gaishe ki da maigidanki, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Ni jikina da sauƙi, ƙafa ce kawai ke kumbura saboda hawan dutse.

Sai kin yi tunani kafin ki gane ni. Ni ce Nolvia, jikar Tomasa, ƙanwar kakarki Eduviges. Sau ɗaya muka haɗu, ranar da aka binne kakarki, ina 'yar shekara goma, ke kuma kina shirin tafiya Amurka. Na san ba haka ake neman ɗan'uwa ba, a yi shekara ashirin ba gaisuwa sannan a zo da kuka. Ki yi haƙuri da ni.

An kashe ɗana Edras a watan Janairu, a ƙofar gidanmu a Choloma. 'Yan dabar unguwa ne, sun ce ya yi musu aiki ya ƙi. Da rana tsaka suka harbe shi, ina kamfanin ɗinki, ƙanwarsa Yolany tana shanya a tsakar gida. Ta ga fuskokinsu, su ma sun ga tata. Shekararta goma sha biyu. Kwana uku da binne shi suka kira wayata, wani ya ce, "Ki gaishe da mai shanya."

Na jefa wayar a rafi. Abin da nake da shi bai isa mutum biyu ba, sai na haɗa Yolany da wata maƙwabciya da ke tafiya arewa zuwa Amurka, ni kuma na gudo nan ƙauye wajen masu tsinkar 'ya'yan kofi a gona. Lambarki da na samu wajen wata goggonmu na ɗinke mata a cikin ƙugun wando. Yanzu maƙwabciyar ta aiko cewa a bakin kogin iyaka aka raba su, ba ta san inda aka yi da yarinyar ba.

Yau kwana arba'in da ɗaya da raba su. Yaya, an kira ki? Ko gawa ce ki faɗa mini, kada ki ɓoye.

Doña Emérita mai kai wa mutanenmu cuku da saƙo can New Orleans ce za ta ba ki wannan. Sau ɗaya a wata take zuwa garin Gracias. Ki ba ta amsa da hannunki, kada ki aika ta wajen kowa.

Ƙanwarki,
Nolvia

Kenner, Louisiana
2 ga Mayu

Nolvia ƙanwata,

Tana raye. Na fara da wannan kafin gaisuwa don kada ki tsaya neman sa a ƙasan takarda. Muna lafiya ni da maigidana Fausto, ban da bayan nan nawa da gyaran gadajen otal ya gama da shi. Allah ya ji ƙan Edras, ya ba ki haƙuri.

Tana wani gidan ajiye yara a Texas. Tun kafin takardarki ta zo suka kira ni, wata mata ta ce akwai yarinya da ta ba da lambata. Na ce ban san wata Yolany ba, na kashe waya. Allah ya yafe mini, a nan idan baƙuwar murya ta kira sunanka gabanka ne ke faɗuwa. Da na karanta takardarki na yini ina kiran lambar har aka ɗauka. Sun haɗa ni da ita. Ba ta ce komai ba sai, "Inna, Mamata ta ce ki karɓe ni." Na ce na karɓe ki.

Amma ba haka kawai suke sakin yaro ba. Sai na nuna dangantakarmu a rubuce, a ɗauki zanen yatsuna, in kuma rubuta sunan duk wanda ke kwana a gidan. Ni ina da izinin zama na wucin gadi tun shekarar babbar guguwar da ta yi ɓarna a Honduras. Fausto ba shi da ko takardar tsire, shekara goma sha shida yana rufin gidajen mutane a ɓoye. Da na gaya masa sai ya ajiye cokali.

Ya ce, "Wato in kai musu yatsuna da ƙafata, saboda 'yar wata da ko fuskarta ba ki sani ba?"

Na ce, "Jikar Tomasa ce ta aiko ta."

Ya ce, "Tomasa ce za ta fito daga kabari ta yi belina?"

Kwana biyu ba ya mini magana. Rana ta uku ya sa rigarsa ta zuwa coci ya ce, "Tashi mu je, kafin hankalina ya dawo."

Ki aiko da takardar haihuwar Yolany, da taki, da ta mahaifiyarki. Ki roƙi Fada ya duba littafin baftisma ya rubuta cewa Tomasa da Eduviges uwarsu ɗaya. Ki hanzarta.

Yayarki,
Waldina

Los Planes
28 ga Mayu

Yaya,

Na gaishe ku. Ki gaya wa Don Fausto ban da bakin gode masa, kullum yana cikin addu'ata. Kumburin ƙafa ya sace.

Da na karanta layin farko sai na zauna a ƙasan kasuwar Gracias, mata suka taru a kaina suna tsammanin farfaɗiya ce. Ga takardun nan duka. Fada ya sha wahala, littafin ya ci ruwa, amma ya ga sunan kakanninmu a shafi ɗaya.

Tana cin abinci? Ba a taɓa ta a hanya ba? Ki tambaye ta a hankali, ba ta son a tsare ta da ido.

Makon jiya wani babur ya shigo ƙauye da samari biyu, ba wanda ya san su. Suka sha lemo a shago suka juya. Wataƙila masu sayen kofi ne. Ni dai ranar a gona na ƙarasa yini.

Nolvia

Kenner
30 ga Yuli

Ƙanwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, mu uku yanzu. Yolany ta iso tun farkon wata, ta rame amma ƙalau take, likita ya duba ta ya ce ba abin da ya same ta. Tana cin wake da ayaba, abincin nan ne ba ta so. Idan an buga ƙofa da ƙarfi sai ta shige banɗaki ta kulle.

Sakin da aka yi mata ba shi ne ƙarshe ba. Da takardar sammaci ta zo, gwamnati na neman kotun shige da fice ta mayar da ita Honduras. Ranar Talata muka je. Nolvia, ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Ɗaki cike da yara, wasu ƙafarsu ba ta kai ƙasa daga kan benci. Gwamnati na da lauyanta a zaune da tulin takardu, yara kuwa ba a ba su lauya, sai wanda ya samo da kansa. Aka sa wa Yolany abin ji a kunne, tafinta na fassara mata. Alƙali ya ce, "Kin san dalilin da ya sa kike nan?" Ta juyo ta dube ni. Alƙali ya ba mu zuwa 22 ga Oktoba mu nemo lauya.

A bakin ƙofa wata 'yar siririyar mata ta tare mu da yarenmu, tana ja da wata jaka mai taya. Na ɗauka 'yar talla ce, har na ce mata ba ma saye. Ta yi dariya ta ce ita ma ba ta sayarwa. Ashe lauya ce, sunanta Lauya Tran, ƙungiyarsu na tsaya wa yara irin Yolany kyauta. Ta ce iyayenta ma a kwalekwale suka zo ƙasar nan.

Hanya biyu ta nuna mana. Ta farko neman mafaka, amma sai Yolany ta buɗe baki ta faɗi abin da ta gani, ita kuwa da an ambaci Edras sai ta hau amai. Ta biyu ita ce a je wata kotu dabam, kotun iyali, alƙali ya ba ni riƙonta, ya rubuta cewa ubanta ya yi watsi da ita tun tana goye, kuma komawa gida haɗari ne gare ta. Da wannan hukunci ake nema mata takardar zama. Uban za a buga cigiyarsa, ke kuma ana son amincewarki.

Ga takardar nan a ciki. Ki kai ta wajen lauya mai hatimi a Gracias ki sa hannu a gabansa, ki ba Doña Emérita a wannan zuwan. Da kin sa hannu ta zama a hannuna a idon doka, ba mai mayar miki da ita. Ina sauri ne, Doña na jira a mota.

Waldina

Kenner
12 ga Satumba

Nolvia,

Ina fata kina lafiya, don ni ba na cikin hankalina. Doña Emérita ta dawo hannu rabbana. Ta ce kin karɓi takardar a watan Agusta, amma ranar komawarta ta jira ki a kasuwa har motar ƙarshe, ba ki zo ba.

Maganar babur ɗin nan ta hana ni sukuni. Ina gyaran gado a otal sai in tsinci kaina a tsaye da matashi a hannu, ban san tsawon lokacin da na yi ba. Yolany ta tambaye ni, "Mama ta aiko?" Na ce ruwan sama ya lalata hanya. Ta ce, "Inna, ba ki iya ƙarya ba."

Lauya Tran ta ce idan ba sa hannunki kotun iyali za ta naɗa wanda zai neme ki, abin zai ɗauki watanni, kuma ba ta da tabbacin alƙalin shige da fice zai jira. Saura kwana arba'in.

Idan ciwo ne ki sa wani ya rubuto. Idan kin bar ƙauyen ki bar saƙo wajen Fada. Don girman Allah ki motsa.

Waldina

Los Planes
24 ga Satumba

Waldina,

Lafiyata ƙalau, tun da kin tambaya. Ba ciwo ya hana ni zuwa ba.

Na karanta takardarki har ta yage a lanƙwasa. "Da kin sa hannu ta zama a hannuna, ba mai mayar miki da ita." Da hannunki kika rubuta. Na kai ɗaya takardar, ta kotu, wajen malamin makarantar ƙauye ya karanta mini, ya ce akwai kalmar watsi a ciki har sau uku. Ni ce na yi watsi da ita? Ni da na ɗinke mata lambarki ina kuka har allura ta shige mini yatsa?

Ajiya na ba ki, ban ba ki kyauta ba. Na ji labari a dangi cewa Allah bai ba ki haihuwa ba, na tausaya miki, amma ba da tawa za ki cike gurbin ba. Ɗaya na binne, ɗaya ta rage mini. Ba zan sa hannu ba. Idan sai na sayar da ita za ta zauna a ƙasarsu, su dawo mini da abata, mu mutu tare.

Nolvia

Kenner
3 ga Oktoba

Nolvia,

Na gode Allah da kike raye. Na biya wani direba ɗan Copán da zai taho gida jibi ya kawo miki wannan, don ba zan iya jiran Doña ba.

Maganar haihuwa ta shige ni, ba zan ce ba ta shige ni ba. Ciki huɗu na yi, ba wanda ya zauna. Mu bar ta a nan.

Laifina ne da na rubuta a tsaye. Abin da nake nufi shi ne hukuma ba za ta ɗauke ta ta mayar da ita inda masu neman ta suke ba. Watsi kuwa ubanta ake nufi, sunansa ne a wajen duk sau ukun, ki sa malamin ya sake dubawa da yatsa. Na kai wa Lauya Tran takardarki. Ta ce, "Ki gaya mata riƙo ba ya goge uwa. Sunanta na nan a matsayin uwa har abada."

Sannan ta ce in faɗa miki sauran, kada ki ji daga baya ki ce an cuce ki. Idan Yolany ta samu zama ta wannan hanya, doka ba za ta taɓa barin ta ta nema miki takardar zuwa nan ba. Kuma za a yi shekaru kafin ta iya taka Honduras, wataƙila biyar, wataƙila fiye. Na so in ɓoye miki wannan. Lauyar ta ce idan na ɓoye ita za ta rubuto da kanta. Don haka tsoronki ba duka ne banza ba.

Yanzu ga abin da ya fi tayar mini da hankali. Yolany ta ga takardarki a jakata ta karanta. Ba ta yi kuka ba. Ranar da muka je ofishin lauya ta zauna ta ce, "Zan gaya wa alƙali ina so in koma. Mamata ta ce a mayar da ni."

Lauya ta ce, "Kin san abin da ke jiranki a can?"

Ta ce, "Na sani. Chino da ɗan gidan mai gasa kaji." Karo na farko ke nan da ta kira sunayen waɗanda suka kashe Edras, ta faɗe su kamar mai karanta allo.

Lauya ta ce mini ita lauyar Yolany ce, ba tawa ba, ba taki ba. Za ta yi iya ƙoƙarinta ta fahimtar da ita, amma ba za ta toshe mata baki a gaban alƙali ba. Fausto ya ce mu ƙi kai ta kotun kawai. Lauya ta ce wanda bai zo ba a bayan idonsa ake yanke masa hukuncin kora.

Maganata ba ta da nauyi a wajenta, taki take ji. Saura kwana goma sha tara. Ki zaɓa, ke ce uwa.

Waldina

Gracias
11 ga Oktoba

Yaya,

A tashar mota nake rubuta wannan a kan gwiwata, ki yi haƙuri da rubutun. Jikina lafiya.

Takardarki ta zo ranar Litinin, na ce zan yi tunani. Ranar Laraba babur ya dawo. Wannan karon ba lemo suka sha ba. Sun nuna wa mai shago hoton Yolany a waya, na bikin makarantarsu, suka ce ƙanwarsu ce ta ɓata. Matar mai shago ta zagayo ta bayan gona ta same ni, ta ce, "Ajiye kwandon nan, kada ki koma ɗaki." Ko zanen rufata ban ɗauka ba. Takardar kotu kuwa tana cikin rigata, tun Agusta a nan take.

Na sa hannu yau da safe, an buga hatimi. Lauyan ya ce zai aika hotonta ta na'ura zuwa adireshin da ke kai, ainihin takardar kuma direban Copán zai taho da ita.

Abin da na faɗa miki kan haihuwa, na so a ce hannuna ya karye kafin in rubuta. Ki yafe mini.

Wannan na ƙasa na Yolany ne, ki ba ta ta karanta da kanta.

Yolany, 'yata. Ni ce Mama. Abin da na rubuta a baya cikin fushi ne, na janye shi. Kada ki dawo. Ko alƙali ya tambaye ki sau goma ki ce ba ki dawowa. Ki gaya wa lauyarki duk abin da kika gani, ko kina amai ki faɗa. Ki bi maganar Innarki. Ban ba da ke ba, ɓoye ki na yi.

Ban san inda zan sauka ba. Zan bar saƙo wajen Fada idan na samu wuri.

Nolvia

Kenner
16 ga Nuwamba

Ƙanwata,

Ina gaishe ki a duk inda kike. Muna lafiya. Na yafe tun kafin ki roƙa.

Hoton takardar ya iso, amma wasiƙarki ba ta shigo hannunmu ba sai ana gobe kotu, motar direban ce ta lalace a Mexico. Duk kwanakin nan Yolany na kan bakanta. Ta ce hoto ba ya magana, wa ya sani ko tilasta ki aka yi. Da wasiƙar ta zo ta shige ɗaki da ita, ta daɗe, ta fito ta ce a kira mata lauya. Awa uku suka yi. Sau biyu na kai mata bokitin amai.

Ranar 22 lauyan gwamnati ya ce an ba mu isasshen lokaci. Lauya Tran ta miƙe, ita da ko kafaɗar mutumin ba ta kai ba, ta ajiye takardarki mai hatimi da ranar da kotun iyali ta ba mu. Alƙali ya daɗe yana karantawa. Ya dubi Yolany ya ce, "Kina so ki koma ƙasarku?" Ta ce, "Ina so. Amma ba zan koma ba." Tafinta ya fassara, alƙali ya cire tabarau ya goge, ya ɗage shari'ar zuwa baɗi.

Shekaranjiya kotun iyali ta ba ni riƙo. Alƙaliyar ta tambaye ni ko na san nauyin da na ɗauka, Fausto ya amsa daga baya da ƙarfi, har ɗan sandan kotu ya harare shi. An aika neman takardar zama, an kuma shigar da na mafaka. Lauya ta ce layin da tsawo, dokoki kuma na canzawa, kada mu saki jiki. Har yanzu idan na ga farar ambulan a akwatin wasiƙa sai na zauna kafin in buɗe.

Doña Emérita ta ce Fada bai ji ɗuriyarki ba. Za ta bar masa wannan duk da haka. Yolany ba ta tambaya ba wannan karon.

Yayarki,
Waldina

6 ga Janairu

Yaya,

Ina raye, ina lafiya. Ba zan rubuta sunan garin ba. Ina yi wa wata tsohuwa wanki da girki, ba wanda ya san ni a nan. Takardarki ta yi wata guda a aljihun Fada kafin ta same ni. Ki gode wa lauyar nan, ki ce wata mata da ba za ta taɓa gani ba tana sa ta a addu'a.

Tun da a hannunki za ta girma, ga abin da ya kamata ki sani. Idan zazzaɓi ya kama ta kunnen hagu ne ke fara ciwo, kada ki jira. Idan ta ga abinci ya yi kaɗan za ta ce ta ƙoshi, ƙarya take yi, ki zuba mata. Ba ta jin faɗa da tsawa, sai kin zauna kusa da ita kina wani aiki sannan take magana. Ranar haihuwarta 3 ga Maris ce, ba 13 da aka rubuta a takarda ba.

Kuma ta kusa fara al'ada. Na so a ce ni zan gaya mata. Ki gaya mata tun kafin ta gani, Yaya, don kada ta tsorata. Jinin ƙarshe da ta gani na yayanta ne.

Ƙanwarki,
Nolvia